Gidan Rumfa da Haye-hayen Salla: Ma'anar Ziyarce-ziyarcen Sarkin Kano

1.0 GABATARWA

Da wuya baƙo ya sauka Kano da niyyar ganin gari ya koma gida ba a kai shi wurare uku ba, watau Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Ƙofar Kudu. In kuwa zuwan nasa ya dace da lokacin Salla, to, labarin da zai koma da shi bai wuce na dawaki da alkyabbu da ƙarar bindiga ba. Da yawa daga cikinmu ma da muka tashi muna kallon hawa, in aka tambaye mu dalilin da ya sa Sarki yake bin wannan hanya yau, gobe kuma ya bi waccan, sai mu ce al'ada ce, mu ja baki mu yi shiru.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa haye-hayen Salla na Kano ziyarce-ziyarce ne da Sarki yake kaiwa, kuma kowace ziyara tana ɗauke da wani babi na tarihin sarautar. A sauran kwanakin shekara jama'a ne suke zuwa fada, amma a kwanakin Salla fada ce take fitowa ta je wa jama'a. Saboda haka za a fara da bayanin gidan da ake fitowa daga cikinsa, sa'an nan a bi haye-hayen ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a dubi halin da al'adar ta shiga da kuma abin da ya rataya a wuyan manazarta.

2.0 GIDAN RUMFA

2.1 Kafuwar gidan

Babban abin dogaro game da sarakunan Kano na dauri shi ne littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wannan littafi ya danganta ginin fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), shi ya sa har yau ake ce mata Gidan Rumfa. Ruwayar mutanen gari ta ƙara da cewa kafin ya hau gado yana riƙe da sarautar Makama, yana zaune a gidan da ake kira Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi daura da filin Ƙofar Kudu.

Abin lura a nan shi ne, littafin bai tsaya ga gini ba. Ya lasafta wa Rumfa ƙarin ganuwa da kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano, sa'an nan ya ce shi ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage, kuma a zamaninsa aka fara sallar Idi a Kano, a Shadakoko. Wanda ya taɓa ganin hawa zai gane cewa waɗannan abubuwa su ne ƙashin bayansa: sallar da ake fita dominta, da bushe-bushen da suke sanar da fitowar Sarki, da dawakin da ake ja a gabansa ba mahayi, da mafitan da ake yi masa fifita da su. Ashe ke nan gidan da hawan tagwaye ne, zamani ɗaya ya haife su. A wannan zamani ne kuma Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya zauna a Kano ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, abin da yake nuna cewa sabon tsarin yana tafiya ne tare da ƙoƙarin ɗora mulki a kan Musulunci.

2.2 Matsayin gidan bayan jihadi

Babu abin da ya fi bayyana darajar gidan kamar abin da ya auku bayan jihadi. Da aka kawar da Sarki Alwali, aka naɗa Malam Sulaimanu (1807–1819), shugabannin jama'a ba su so ya tare a Gidan Rumfa ba, don gudun kada 'ya'yan da za a haifa a ciki su ɗauki halin sarakunan da aka yaƙa. Tarihin Kano ya ce wani Bakano ne ya ankarar da shi cewa muddin bai shiga gidan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi Sarki ba. Sai da aka kai maganar gaban Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da izni, sa'an nan ya shiga. Magajinsa Ibrahim Dabo (1819–1846), wanda zuriyarsa suke sarautar Kano tun daga lokacin, ya ƙara da farfaɗo da sarautu da kayan sarauta na da, domin ya ga mulkin ƙasar ba zai zauna ba sai da su. Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, a idon Kanawa zama a Gidan Rumfa wani rukuni ne na sarautar kanta.

2.3 Abin da mai ziyara yake gani

Gidan ya mamaye fili mai faɗin kimanin eka 33, kewaye da doguwar katanga, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Ana iya kasa shi uku. Akwai ɓangaren kudu, inda soraye da wuraren zaman fada suke, kuma ta Ƙofar Kudu ake shigarsa. Wannan ƙofa Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, wanda ya hau gado a 1855, ya gina ta. Akwai cikin gida, mazaunin iyalin Sarki, inda namiji baligi ba ya shiga, sai dai jakadiya ta kai saƙo ta komo da amsa. Akwai kuma ɓangaren arewa, wajen Ƙofar Fatalwa da Ƙofar Kwaru, inda gidajen bayin Sarki da bargar dawaki suke da yawa. Daura da gidan ga Babban Masallacin Juma'a, wanda aka sabunta gininsa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953).

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga fadar a 1851 zamanin Sarki Usmanu ɗan Dabo, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yawan farfajiya da zauruka masu ratsa juna, da cincirindon fadawa. Mai ziyara na yau ma haka zai tarar, ko da yake siminti ya maye gurbin tubali a wurare da dama. A sorayen da suka saura kan ginin gargajiya, irin su Soron Ingila, zai ga rufin bakan gizo da azara da zane-zanen bango masu launi, aikin magina Hausawa.

Sai dai wajibi ne mai ziyara ya san cewa gida ya shigo mai mutane a ciki, ba kufai ba. Akwai iyakar da ba ya ƙetarewa, akwai tuɓe takalmi, akwai kuma ladabin gaisuwa. Mutum yakan faɗi ya yi gaisuwa, dogarai su amsa a madadin Sarki su ce an gaishe shi. Tsakaninsa da Sarki akwai manyan bayi masu sarauta, musamman Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, waɗanda a hannunsu sanin tsarin gidan da na hawa yake.

3.0 HAYE-HAYEN SALLA

3.1 Shigowar hakimai

Kafin zuwan Turawa yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, suna mulkin garuruwansu ta hannun jakadu. Bayan cin Kano a 1903 aka naɗa Sarki Abbas (1903–1919), kuma wajen 1908 Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tura kowane hakimi ya zauna a tasa. Wannan sauyi ya ƙara wa Salla nauyi. Ta zama lokacin da hakimai suke komowa birni sau biyu a shekara, da dagatansu da dawakinsu da makaɗansu, su sabunta mubaya'a. Saboda haka tun ana sauran kwanaki gidajen hakimai na cikin birni suke cika, dukawa da maƙera da maɗinka su shiga aikin sirdi da linzami da kayan ado ba dare ba rana.

3.2 Hawan Idi

Ziyara ta farko ta ibada ce. Da safiyar Salla Sarki yakan fita zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, kuma bisa al'ada a ƙasa yake tafiya, cikin fararen kaya, ya bi sahu a bayan liman kamar kowane Musulmi. Sai an idar da salla yake hawa doki, a buɗe masa laima, a busa kakaki, ya komo ta wata hanyar dabam, yadda sunna ta koyar. Yakan tsaya a Gidan Shatima su gaisa da Gwamna, sa'an nan ya isa Ƙofar Kwaru ya yi wa jama'a jawabi, wanda galibi yakan ƙunshi nasiha a kan zaman lafiya da noma da lafiya da neman ilmi.

Tsarin wannan rana yana da ma'ana a fili. An gabatar da ƙanƙan da kai a gaban Allah kafin a nuna alfarmar mulki, watau tafiya a ƙasa ta riga hawa doki.

3.3 Hawan Daushe

Kashegari da yamma ake hawan Daushe, kuma shi ne wanda baƙi suka fi sani. Ruwayar baka ta ce sunan wani bafade ne da rashin lafiya ta hana shi hawan Idi, Sarki ya sake hawa domin ya faranta masa, daga nan abin ya zauna. Ko mene ne asalin sunan, abubuwa biyu ne suke faruwa a wannan rana.

Na farko, Sarki yakan ratsa unguwannin birni ya sauka a Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, wadda ake kira Mai Babban Ɗaki. Mutumin da kowa yake faɗuwa a gabansa, ga shi yau ya je gaida wadda ta haife shi, dubban jama'a suna jiransa a waje. Wannan darasi ne na tarbiyya wanda ba ya bukatar tafinta.

Na biyu shi ne jafi a filin Ƙofar Kudu. Hakimai sukan wuce ƙungiya-ƙungiya, kowa da gurbinsa da kalar kayan mutanensa da kiɗansa. A cikinsu akwai masu zaɓen Sarki su huɗu, watau Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, akwai kuma 'ya'yan sarki masu riƙe da sarautu irin su Galadima da Wambai da Ciroma da Turaki, waɗanda ake gane su da rawani mai kunne biyu. Daga baya sai ayarin Sarki ya iso, da 'yan bindiga da 'yan lifidi da 'yan sulke da zagage da dogarai cikin ja da kore. Idan Sarki ya tsaya, sai mahaya su riƙa zaburo dawaki a sukwane, su ja linzami a gabansa, su ɗaga hannu su yi jinjina. A zamanin yaƙi wannan ita ce hanyar da Sarki yake ganin yawan dawakin kowane hakimi da ƙwarewar barade. Yaƙi ya wuce, amma jerin ya saura, kuma wanda ya iya karanta shi zai ga taswirar sarautar Kano tana tafiya a kan dawaki: gidajen da suka yi jihadi, da zuriyar Dabo, da bayin Sarki, kowa a matsayinsa.

3.4 Hawan Nasarawa

A rana ta uku da safe Sarki yakan fita bayan ganuwa. Wannan hawa ɗan zamanin Turawa ne, domin asalinsa ziyarar da Sarki yake kai wa Razdan a mazauninsa na Nasarawa. Da mulkin mallaka ya ƙare ba a bar hawan ba, sai wanda ake kai wa ziyarar ya sauya, musamman bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, inda Gwamna ya zama mai masaukin baƙi a Gidan Gwamnati. Kafin isa can Sarki yakan biya ta gidan sarauta na Nasarawa, inda kaburburan wasu sarakunan baya suke, har da na Alhaji Ado Bayero (1963–2014), ya yi musu addu'a. A komowa kuma yakan bi ta Sabon Gari da Fagge, inda 'yan kudu da sauran baƙin Kano suke fitowa su gaishe shi.

Wannan hawa ya fi sauran bayyana sauyin zamani. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage na mulkin En'e. Hawan Nasarawa yana nuna yarda da cewa iko ya koma wani gida, yana kuma nuna cewa jama'ar da take bin Sarki a titi ba ta koma tare da shi ba. A rana guda Sarki ya ziyarci magabatansa da hukuma da baƙin garinsa.

3.5 Hawan Fanisau da na Ɗorayi

Hawa na ƙarshe na fita karkara ne, zuwa ɗaya daga cikin gidajen Sarki biyu na bayan gari, Fanisau a arewa ko Ɗorayi a kudu maso yamma, gwargwadon Sallar da ake ciki. A can Sarki yakan wuni, mutanen ƙauyukan kewaye su zo gaisuwa, da yamma a komo birni. Fanisau tana da tarihi na musamman, domin ribaɗi ce ta zamanin Ibrahim Dabo, sa'ad da yake fama da tawayen Ɗantunku daga arewa, kuma a can ne Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya same shi a 1824. Da wannan hawa ake tuna cewa birni bai taɓa tsayuwa ba sai da karkarar da take ciyar da shi, da sansanonin da suka tsare shi.

4.0 HAWAN SALLA DA HAWAN DABA

Ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake yawan gwamutsawa. Kalmar daba, wadda Turawa suka kawo, asalinta daga Farisanci take, ta biyo ta Indiya, inda Ingilishi suka shirya manyan taruka a Delhi a 1877 da 1903 da 1911 domin sarakunan ƙasar su nuna biyayya ga gadon sarautar Ingila. Irin wannan taro suka kwaikwayo a nan, kamar wanda aka yi a Kano a 1925 domin Yariman Wales, da na Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth. Bayan mulkin kai gwamnati ta gaji tsarin, misali dabar da aka yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC.

Bambancin a bayyane yake. A daba fili ɗaya ake taruwa, babban baƙo yana zaune a rumfa, sarakuna suna wucewa ta gabansa, kuma ana iya shirya ta kowane wata, a kowane gari. Hawan Salla kuwa yana ɗaure da kalandar Musulunci, da hanyoyi sanannu, da wuraren da ake sauka, kuma Sarki ne ake yi wa jafi. In aka kira su duka da suna ɗaya, sai mai kallo ya ɗauka doki da ado su ne al'adar, ya manta da Ƙofar Mata da Babban Ɗaki da Fanisau, alhali kuwa a waɗannan wurare ma'anar take.

5.0 HALIN DA AL'ADAR TA SHIGA

A watan Disamba 1924 ba wanda zai yi tsammanin duniya za ta ɗauki hawan Kano a matsayin gadonta, amma bayan shekara ɗari, a Disamba 2024, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, a taronta na birnin Asuncion ta ƙasar Paraguwai. Abin takaici shi ne wannan girmamawa ta zo a lokacin da hawan yake fuskantar tsaiko. A 2020 annobar korona ta hana shi. A 2019 an yi dokar da ta kasa masarautar gida biyar, watau Kano da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, abin da ya raba hakimai da yawa da filin Ƙofar Kudu. A watan Mayu 2024 Majalisar Dokokin Jiha ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, Alhaji Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa, magana ta tafi kotu. A dalilin haka 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025.

Ba hurumin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan wannan saɓani. Abin da ya shafe mu shi ne asarar da take biyo bayan kowace Sallar da ba a hau ba. Ta fuskar tattalin arziki, masu sana'ar kayan doki da makaɗa da maroƙa da masu masaukin baƙi suna rasa kasuwar da suka dogara da ita. Ta fuskar ilmi kuwa asarar ta fi zurfi, domin tsarin hawa ba a littafi ake koyonsa ba. Yaro yana koyon gurbin gidansu ne ta bin ubansa a kan doki, mabushi yana koyon taken kowane basarake ne ta busa shi a gabansa. In aka jera shekaru ba a yi ba, dattawan da suka san jeri da take da kirari suna ƙarewa, sai a wayi gari da kayan hawa a ɗaka ba mai sanin inda kowanne yake shiga. Haka nan hanyoyin da ake bi su ma suna sauyawa: ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya aza harsashinta ta zaizaye a wurare da yawa, an yi gine-gine a kanta, an kuma rushe wasu ƙofofi an sake su da siminti domin faɗaɗa titi.

6.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa Gidan Rumfa da hawan Salla tare suka taso, kuma kowane hawa ziyara ce mai manufa: ta Idi ga ibada, ta Daushe ga mahaifiya da hakimai, ta Nasarawa ga magabata da hukuma da baƙi, ta Fanisau da Ɗorayi ga karkara. Wanda ya zo kallo da wannan sani, tarihin shekara fiye da ɗari biyar zai gani yana wucewa ta gabansa.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Ta farko, sassan koyar da Hausa da Tarihi na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Bayero, su tura ɗalibai su ɗauki bayanin bayin Sarki da jakadu mata da makaɗan fada tun suna raye, a rubuta jerin hakimai da take da sunayen kayan doki. Ta biyu, a zana taswirar hanyar kowane hawa, a sa ta a Gidan Makama da bayani cikin Hausa, domin ɗan gari ya amfana kafin baƙo. Ta uku, a rubuce-rubucenmu mu riƙa kiran kowane hawa da sunansa na Hausa, mu bar kalmar daba ga abin da ta dace da shi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma sunan abu shi ne ƙofar gidansa.